Sillen Kara da Katin Taubashina

Na sha wahala a kan kwamfutar nan, wahalar da ban sha ba ko a shekarun da nake saɓa kyamara mai nauyin rabin buhun gero daga safe har la'asar. Waccan kafaɗa ce ke ciwo, a shafa man zafi a kwanta. Wannan kuwa babu inda za ka shafa.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Da ita na yi aure, da ita na yi ɗan ginin da nake ciki a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi. Na fara tun zamanin kaset, na ga na faifai, yanzu ga mu a zamanin da mutum zai miƙo maka abu kamar farcen yatsa ya ce biki duka yana ciki. Boko ban yi nisa ba, firamare ma ban ƙare ba. Turancin da ke cikin kwamfuta ba karanta shi nake ba, mazauninsa na sani. Na kusurwar hagu shi ke yanka, mai launin shuɗi shi ke haɗawa. Idan aka matsar mini da maɓalli ɗaya na zama makaho a tsakiyar kasuwa. Kwamfutar kuwa ta hannu na saya, irin siraran nan da ake kwasowa daga ofisoshin ƙasar waje, baƙa, a kwance take zama, allon kallo a bisa kanta. Ta yi mini biyayya shekara da shekaru. Ban taɓa buɗe cikinta ba sai don in hure ƙura.

Ina da taubashi a Argungu, ɗan gwaggona. Na girme shi, amma taubashi bai san girma ba. Manomin albasa ne. Idan aikin fadama ya yi sauƙi sai ya zo Birnin Kebbi ya zauna a shagona, ya cinye mini gyaɗa, yana kallon hannuna yana zagina. Ashe kallon nan karatu yake yi. Wata shekara albasa ta yi daraja, sai na ji wai ya kama shago a Argungu, ya sayi kyamara sabuwa da kwamfuta. Na yi dariya ranar. Na ce wanda hannunsa ke warin albasa, duk amaryar da ya ɗauka da hawaye za ta fito. Dariyar ba ta yi nisa ba. Mutanen unguwar Gesse da nake yi wa aiki tun auren iyayensu suka fara wuce ƙofata su kai aiki Argungu. Aikin da nake kwana biyu ina jiran kwamfuta ta dafa shi, shi kafin shayi ya huce ya miƙa wa mai shi a waya. Na tambayi dalili a fakaice, aka ce akwai wani abu a cikin tasa, katin girafik, shi ke ɗaukar nauyin hoto ƙwaƙwalwar kwamfutar ta huta. Ƙyashi ya kama ni, ba zan ce bai kama ni ba. Amma da a kan kasuwa kawai abin ya tsaya, da na haɗiye. Kasuwa ta Allah ce.

Abin ya zo a kan ɗiyata ta fari.

Ba na kiran sunanta. Ban taɓa kira ba, mu haka muka taso. Ke nake cewa, ko yarinyar nan. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa zama na ci abinci tana kusa ba. Idan Sallah ta matso tana ƙarama, uwarta ke auna mata ƙafa da sillen kara, ta karya daidai tsawon, ta ajiye mini a kan taga. Ni kuma in sa a aljihu in tafi kasuwa, in yi ta zura shi cikin takalma har in sami wanda ya cika. In kawo in ba uwar, ta ce ita ta saya. Shi kuwa taubashina tun daga zaure yake ƙwala mata kira da sunanta. Shi ya ɗora ta a wuya ya kai ta bakin gulbi ta ga kwale-kwale. Ni Baba take ce mini, idonta a ƙasa. Shi Baba na Argungu, da dariya har kunne.

Da aka sa ranar aurenta, wata safiya ina shan koko maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, yarinyag ga ta ce Babanta na Argungu za shi ɗaukam mata bikin. Wai kyamaratai har zanen lalle takan hiddo."

Na ce to, ya ɗauka. Ai dama uban amarya ba ya saɓa kyamara ya shiga cikin mata. Amma haɗawar a kawo mini nan, kada a ɗora wa bawan Allah nauyi biyu. Ta dube ni, ta dubi kofin da ke hannuna.

"Da wace za ka haɗa? Da tsohuwag ga mai tari?"

Ga abin da ban iya faɗa mata ba, ban iya faɗa wa kowa ba. Uban amarya, balle ta fari, ba ya ganin komai na bikin ɗiyarsa. Sa lalle, kamu, yinin mata, fitar da ita, duk a bayan bango ake yi yana zaune a waje da maza. Idan aka kawo bidiyon a haɗe, mata za su cika falo su kunna, ni kuwa dole in sa takalmi in fita. Na ga 'ya'yan rabin garin nan cikin lallensu, na yanka na haɗa, na san wadda ta yi kuka da wadda ta yi na ƙarya. Tawa ce kaɗai ba zan gani ba. Ƙofa ɗaya ta rage mini, in zama ni ne mai haɗawa. Mai haɗawa aiki yake yi. Ya rufe shago ya kalla sau nawa ya ga dama, ba mai cewa ba shi da kunya.

Na aika wa taubashin cewa ya turo mini guntun abin da kyamararsa ke ɗauka in gwada. Ya ba wani direba. Na sa a kwamfutata. Wata amarya ce ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi, sai hannun ya tsaya a sama. Ta motsa kaɗan, ta tsaya, kamar hawainiya a kan reshe, ta ɗaga ƙafa ta yi tunani kafin ta ajiye. Kiɗa ya ƙare amarya tana bakin ƙofa ba ta shigo ba. Fankar ciki tana ta gurnani, can sai komai ya sandare.

Akwai wani mai sayar da kayan kwamfuta kusa da kasuwa, mutumin kudu ne, amma ya daɗe a Birnin Kebbi har 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Idan yana magana a bayan labule ba ka cewa baƙo ne. Oga nake ce masa, shi kuma Alhaji yake ce mini ko da yake ban je ba. Na gaya masa ina son kati. Ya ce kati ba hula ba ce da za a saya a ɗora. Sai an duba ko akwai ramin da zai zauna a cikin kwamfutar, sai an duba ko akwatin zai ɗauke shi, sai kuma an duba ko wuta za ta ishe shi. Ya ce wane iri nake so. Na ce irin na taubashina, ba wanda ya gaza shi ba. Ya ce mene ne sunansa. Na ce ban sani ba. Ya ce in kira shi in tambaya. Na ce babu katin kira a wayata. Ya miƙo tasa. Na ce ban haddace lambar ba. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce ko girmansa ne in samo, shi zai gane irinsa.

Da in tambayi mutumin nan sunan katinsa, gara in ci ɗanyar albasa buhu guda. Sai na shirya tafiya Argungu, na ce zan gaida gwaggo in kuma duba busasshen kifi na biki. Bazara ce, zafi kamar a tanda, amma fadama shar take da shinkafar rani. Na gaida gwaggo, ta yi mini faɗan na rame. Da zan fita na zaro sille ɗaya daga darnin gidanta na zura a hannun riga.

Taubashina yana ganina ya miƙe.

"Maraba da sarkin kaset. A kawo mishi tabarma, kujerag ga juyawa takai, kada tsoho ya hwaɗi."

Na ce masa tun daga tasha na bi warin albasa har na iso, ban tambayi kowa hanya ba. Muka zauna. Sai ga kwamfutar tasa. Tsaye take kamar ƙaramin firji, gefenta ɗaya gilashi ne, fitilu a ciki suna canza launi, kore ya koma ja, ja ya koma shuɗi, sai ka ce motar amarya. A tsakiya ga katin a gicciye, da fanka biyu a cikinsa suna juyawa shiru. Ya ɗebo bidiyo uku ya ɗora wani kan wani don in gani, kwamfutar ko tari ba ta yi ba. Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Da na dubi allonsa, sai na ga ya jera komai daidai yadda nawa yake. Mai yanka a kusurwar hagu, mai haɗawa a inda nake ajiye shi. Ɓarawon ya kwashe har da yadda nake zama a kujera.

Ya fita ya sayo mini soyayyen kifi. Yana juya baya na durƙusa, na zaro sillen, na manna shi a jikin gilashin daga wannan ƙarshen katin zuwa wancan, na karya. Na so in karanta sunan, amma haruffa ne da lambobi a haɗe, fitila tana ta wasa a kansu. Na riƙe biyu a kai, kafin in kai tasha sun zube. Ragowar karan na tura ƙarƙashin tebur da ƙafa. Da ya dawo ya same ni zaune ina kallon rufi. Na ci kifin, na ce gishiri ya yi yawa.

Ina isa gida na buɗe tawa, na kwantar da sillen a ciki. Ya shiga, har da sauran wuri kamar faɗin yatsa. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Na shiga cikin gida na ce wa maiɗakina ta gaya wa mutanen Argungu haɗawa a nan za a yi. Ta ce Allah ya sa.

Washegari na naɗe kwamfutar da bargo na sa a keke napep sai shagon Oga. Ya kwance murfin, ya kunna fitilar waya ya leƙa. Ya nuna mini wani dogon rami a jikin allon ciki, mai ɗan maƙalli a ƙarshensa, ya ce nan kati ke zama, wannan kam na ci. Na zaro sillen na miƙa masa. Ya juya shi, ya dube ni.

"Alhaji, takalmin wa za mu saye?"

Na ce ya yi aikinsa. Ya tambaye ni fanka nawa na gani, na ce biyu. Ya shiga ciki ya fito da kwali, ya zaro kati ya ɗora sillen a kai, daidai kamar tare aka haife su. Ya kawo shi bakin ramin ya tsayar. Tsawo ya shiga. Amma kusan rabinsa yana sama da bakin akwatin, kamar mutum tsaye a cikin kwale-kwale. Ƙarfen bayansa ma bai haɗu da tagar da aka yi masa ba. Ya ɗauko murfin ya ɗora, murfin ya yi ta rawa a kai.

Sai na tuna wata Sallah. Na sayo wa yarinyar takalmi ja mai igiya, sille ya cika shi daidai, ashe tudun ƙafarta ya fi bakin takalmin. Uwarta ta ce a mayar, yarinyar ta ƙi. Haka ta yini da su tana ɗingishi gida gida. Uwar ta ce mini daga baya ai ta san wanda ya saya. Sille tsawo kawai yake faɗa. Na san haka tun lokacin, na zo na manta.

Na ce wa Oga a bar murfin, ina da fanka a shago, in juya mata ita. Ya ce to, mu ɗauka an bar shi, mu zo kan wuta. Ya nuna mini wani akwatin ƙarfe a kusurwa wanda wayoyi ke fitowa daga cikinsa, ya ce shi ne fawa-fak, shi ke raba wa kowa abinci. Akwai lamba a jikinsa, akwai lamba a jikin kwalin katin. Lamba kam ina karantawa. Tawa ba ta kai rabin abin da katin ke nema ba. Ya ce idan aka matsa, ranar da aiki ya yi nauyi za ta ɗauke kamar an hure fitila, in an yi rashin sa'a ta tafi da wani abu. Ya kuma nuna mini wani ɗan soket mai rami shida a gadon bayan katin, ya ce wannan wayarsa daban yake so, ta fito kai tsaye daga akwatin wuta. Ya bi wayoyina ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsifar kai. Babu.

Na ce a canza akwatin wutar. Ya ce irin waɗannan na ofis, kowace da nata aka ƙera ta, na kasuwa ba ya zama a gurbin, kuma bakin da yake shiga allon ma daban ne. Na ce a canza babban akwatin gaba ɗaya, a mayar da kayan cikin wani mai faɗi. Ya ce allon ba zai hau ba, ramukan kusoshinsa ba a inda na kowa suke ba. Na ce a canza allon. Ya ajiye sukudireba.

"Alhaji, in mun canza wanga mun canza wancan, mi ya rage naka? Sai bargon da ka naɗo ta."

Ya ce akwai ƙaramin kati, siriri, wanda aka yi don irin tawa, ba ya son wata waya, abin da ramin ya ba shi ya ishe shi. Na ce ba shi na zo nema ba. Ya ce ya sani, amma mu gwada. Ya sa, murfi ya rufu, ya kunna, muka sa guntun bidiyon nan. Amarya ta gyara mayafinta, ta shigo ɗaki, na fara sa rai. Na karɓi maus na ɗora wani hoton a kan nata kamar yadda aiki ke buƙata, na yanka. Sai ta tsaya, baki a buɗe. Oga ya ce ba laifin katin ba ne kaɗai, ƙwaƙwalwar ma ta tsufa, ko an ba jaki sabon mangala jaki ne. Na ce ya bar shi a ciki haka nan, zan lallaɓa. Ya kashe, ya zare abinsa da hannunsa.

"Ba ni sai maka. Garin ga nike kwana, gobe kai za ka zo ka tsaya man bakin shago."

Na tambaye shi kuɗin sabuwa gaba ɗaya, irin mai tsayuwa. Ya faɗa. Na tuna gado da katifa da kujerun da ban gama haɗawa ba, na ce ya ɗaure mini murfina. Ya miƙo mini sillen, na sa a aljihu don kada in bar shi ya yi ta nuna wa mutane.

A gida na ce wa maiɗakina a bar na Argungu ya haɗa, ni aiki ya yi mini yawa. Ta ci gaba da aikinta. Da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Aka yi biki. Na zauna a rumfa cikin babbar riga ina karɓar gaisuwa, ina cewa madalla, Allah ya bar zumunci. Taubashina kuwa yana shiga yana fita da kyamara a hannu, gumi har gwiwa, yana ƙwala wa amarya kira da sunanta, mata suna shewa a ciki. Duk shigar da ya yi sai na ji kamar an taka mini yatsa. Da lokacin fitar da ita ya yi, kafin magariba, na tashi na tafi masallaci kamar yadda ya kamata. Daga can na ji ƙarar motoci. Ko launin zanen da ta ɗaura ban sani ba.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ina zaune a shago babu aiki, sai ga shi. Bai yi sallama da kyau ba ya ja kujera, ya jawo robar gyaɗata. Ya ci, ya ci, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun kara ya ajiye a kan tebur.

"Ka mance sandakka wurina."

Na ce ban san zancen ba. Ya ce yana shara ya gani, ga kuma shatin yatsu biyar a jikin gilashi. Da farko wai ya ɗauka asiri na yi wa kwamfutarsa, har ya kai wa gwaggo ta gani. Gwaggo ta juya shi ta ce wannan daga darninta aka zare, kuma ba asiri ba ne, awo ne, wani ya auna abu ya tafi da rabin. Ya tambaye ni ko ya shiga. Na ce tsawo ya shiga. Ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi, na ƙi ba shi ruwa.

Da ya huce sai ya share ido ya dube ni.

"Kai dai ɗiyakka kaka son gani. Kunya ta hana ka kallo, girman kai ya hana ka tambaya ta. Tsoho da kai, kana rarrafe gaban gilashi da kara."

Da wani ne ya faɗi wannan, da ya bar shagon nan ba takalmi. Amma bakin taubashi ba shi da ƙyaure, kuma ba a kai ƙararsa. Na ce ni ba ruwana da kowa, tsorona kada ya ɓata aikin da furannin nan da tantabaru da yake sa suna yawo a kan fuskar mutane. Ya ce in kwantar da hankalina, bai taɓa ba. Ya juye komai a kwamfuta ya rufe, ko buɗewa bai yi ba. Shi ai ya gani da idonsa, ba ya buƙatar ya sake gani. Wannan maganar ta shige ni, kuma ya san ta shige ni.

Ya ce akwai wani wuri a ciki. Lokacin da aka fito da ita, ta kai bakin zaure sai ta tsaya, mata suna janta, ta ɗaga mayafin kaɗan ta juya wajen da tabarmata take zama. Ya ce ya riƙe kyamara a wurin bai motsa ba. Na ce sai me ya faru. Ya ce shi manomi ne, bai iya ba da labari ba.

Ya miƙe ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa a kan dabena. Ya ce albasarsa ta isa cira, gobe zai shiga fadama, kwanaki zai yi ba ya leƙa shago. Ya zaro makullin shagonsa ya ɗora a kan tsohuwar kwamfutata, kusa da guntun karan.

"Ba don kai ba, don kada amarya ta yi ta jira. Kuma kak ka taɓa man gilashi da hannun mai."

Ya fita. Ban yi godiya ba, ban raka shi ba. Na zauna ina kallon makullin har aka kira magariba. Mutum zai ce ya kamata zuciyata ta yi sanyi, amma ba ta yi ba. Kwamfutar tasa ce, kyamarar tasa ce, shi ya kira sunanta ta amsa, shi ya ga abin da ta yi a bakin zaure. Yanzu har alherin ma shi ke da shi da zai bayar. Ni da a hannuna ya koyi inda ake danna yanka, ba ni da ko abin da zan ƙi karɓa in ji daɗi. Na yi niyyar ba direba makullin ya mayar masa. Na ɗauka, na ajiye. Na sake ɗauka, na sa a aljihu don kada ya ɓace kafin in sami direban.

Washegari bayan na dawo daga sallar asuba na buɗe shago, na zare maus ɗina da kibod ɗina wanda haruffansa suka goge, don hannuna su ya sani. Na naɗe su a bargon. Na ɗauki wani tsohon labule da zan rufe gilashin da shi, ba zan zauna fitilu suna yi mini rawa a ido ba. Na shiga cikin gida na ce wa maiɗakina zan je Argungu in gaida gwaggo. Ta ce ai gwaggo da ta zo biki ba ta daɗe da barin gidan nan ba. Na ce gaisuwa ba ta yawa. Ta shiga ɗaki ta fito da riga ta biyu a ninke da ƙullin dambu, ta tura cikin jakata, ta ce in gaishe ta. Na tari keke napep zuwa tasha, na shiga motar farko, na zauna gaba kusa da direba, bargon a kan cinyata.